Usta Bakri, Mai Haɗa Launin Ƙafa

Da an idar da sallar asuba a unguwar Bani Harisa, Usta Bakri, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a nan, ba ya komawa barci. Ya kurɓi shayi a tsaye, ya kama hanyar markaz, inda ake ƙera ƙafa da hannun roba. Kafin kowa ya iso ya buɗe warsha, wato ɗakin aikinsa, ya jera 'yan kwalaben launinsa a bakin taga. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Dole a faɗi abin da ya yi, ko ba ya so.

Bahaushen Sudan ne. A goye aka kawo shi Madina, amma har yau da iƙama yake zaune. Takarda ce da in wurin aiki ya ƙi sabunta ta, sai mutum ya tattara ya bar ƙasa.

Lokacin da ya fara aiki, launi ɗaya ƙafar roba take zuwa da shi a markaz ɗin. A jikin kwali an rubuta "launin fata". Fatar wa? Ba dai tamu ba.

Malam Sabiru mai dabino a Uhudu, ciwon sukari ya cinye masa ƙafar dama. Aka ɗaura masa wata fara fat, shi kuwa baƙi ne wuluk. Ran da ya cire takalmi a ƙofar masallaci, wani ya kira shi da sunan da ake kiran baƙaƙen Afirka a nan, ya ce, "Ya Takruni, ƙafar wa ka aro?" Aka yi dariya. Wata huɗu bai sake zuwa jam'i ba. Mutum yana Madina, yana salla a ɗaka.

Da ya koma markaz, likita ya ce ya sa safa mana.

"Shekara sittin ina shiga masallaci da ƙafata a buɗe," in ji Sabiru. "Sata na yi da zan ɓoye?"

Bakri yana ji. Ya tura keken guragun da Sabiru yake kai zuwa waje, cikin rana.

"Baba, ɗage wandon."

"Kai, auren ƙafar za ka nema?"

"In ka ba ni. Fitilar ciki ba ta nuna fata daidai, sai a rana."

Ya dama launi, ya kara da ƙwaurin hagu, ya zubar, ya sake. Sau bakwai. Jumma'ar da ta biyo, Sabiru yana sahun gaba, ba safa.

Labari ya bazu har Harra ta Yamma. 'Yan Chadi suka zo, 'yan Sudan suka zo, har 'ya'yanmu masu takardar ƙasa da ake yi wa Hausa suna amsawa da Larabci. Fatna, wadda inji ya datse wa hannu, ta daina naɗe shi cikin mayafi.

Sai aka kawo sabon mudir, wato shugaban markaz, Walid. Ya leƙa warsha, ya ga kwalabe.

"Nan markaz ne, ba shagon fenti ba. Ƙafa dai ta yi tafiya. Wa ke kallon launi?"

"Wanda launin ya dace da shi ne ba ya kallo, ya mudir."

"Iƙamarka saura wata biyu. Ka yi tunani."

Bakri ya yi tunanin. Matarsa Halimatu da 'ya'ya huɗu, duk a nan aka haife su, babu wanda ya san hanyar Sudan. Kwana uku bai iya cin abin kirki ba. Ran na huɗu kwalaben suna bakin taga.

Kai ne, Usta. Ka san abin da za ka rasa, ka buɗe kwalba. Gagara mudir, na Halimatu!

Sabiru ya ji barazanar da aka yi wa Bakri. Ran Lahadi da hantsi mutum goma sha huɗu suka shiga ofishin Walid. Ba wanda ya ɗaga murya. Kowa ya kwance ƙafarsa, ya ɗora kan tebur, ya zauna a ƙasa. Fatna ta aza hannunta a sama.

"Ga kayanku, ɗana," in ji Sabiru. "In Usta zai tafi, ku riƙe. Mu da rarrafe za mu fita, ta babbar ƙofa, kowa ya gani."

Walid ya dubi teburin. Ƙafa goma sha uku da hannu ɗaya, babu biyu masu launi ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Bai ba da haƙuri ba, ba za mu yi masa ƙarya ba. Amma ya sa hannu a takardar Bakri. Yau a markaz ɗin launi takwas ake tambayar mutum ya zaɓa.

Ni ma ina cikin waɗanda suka zauna a ƙasa ran nan.

Ba a ba shi lambar yabo ba, kuma ba mu roƙa masa ba. Mun gode, Usta. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu cikin lafiya, ya bar ka a garin Manzo har ƙarshe.

Ku da za ku gaji warshar, kada ku ce da mutum ya gode tunda yana tafiya. Ku fitar da shi rana, ku dubi fatarsa, sannan ku dama. Masu rubuta "launin fata" a kwali kuma, ku zo ku gan mu tukuna.

Wanda yake son ganin aikin Bakri, ya zo masallacin Uhudu ran Jumma'a, ya bi sahu yana duban ƙafafu. Ba zai gane ko ɗaya ba.