Yayana Saje Sale da Ɗan da Ya Ƙwace Mini

Shekara tara ke nan da muka kai yayana, Saje Sale, makwancinsa a Kademi. Duk wanda ya tuna shi yabo yake yi, ni ma na iya yabon. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: na yi kishin Yaya Sale yana raye, kuma ƙasar da ta rufe shi ba ta rufe kishin ba.

Ba kakinsa na soja na yi wa kishi ba, ko yadda mahaifinmu yake gyara zama in an ambace shi. Ya yi shekaru a soja, ya je wuraren da bai taɓa yarda ya ba mu labarinsu ba, ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu, ya kama noma. Ni kuwa malamin firamare ne a Gafasa, kullum ina kan babur tsakanin gida da makaranta. Gidanmu ɗaya, katanga ce kawai tsakanin sassanmu.

Ta kan katangar nan nake jiyo abin da ya hana ni sukuni. Mutumin da aka ce kuratan soja na rawar jiki a gabansa, shi ne ke zama a tabarma yana ci kwano ɗaya da 'ya'yansa mata, yana yanke musu farce. In matarsa ba ta da lafiya, shi ke hura wuta, ko a jikinsa wai maƙwabta na dariya. A cikin masu dariyar har da ni.

Ɗana na fari, Nasiru, can ya tare. Ni na riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda na gada: ba na kiran sunansa, ba na wasa da shi a gaban mutane. Yaya Sale bai san wannan ba. Shi ya koya masa keke, shi ya kwana biyu a kansa a asibitin Gaya lokacin da ya karye a hannu. In na dawo daga makaranta yaron zai durƙusa ya gaishe ni, yana miƙewa sai sashen Baffansa. An ce ɗa na kowa ne, amma ba uban ɗan ne ya faɗa ba.

Da Nasiru ya gama sakandare ya ce soja zai shiga. Na hana, na yi faɗa, na yi rantsuwa, wata huɗu muna abu ɗaya. Ran nan lokacin cirar gyaɗa, Yaya Sale ya tafi da shi gona su biyu. La'asar suka dawo, yaron ya same ni ya ce ya fasa, zai karanci aikin lafiya. Maimakon murna, sai na ji kamar an mare ni. Na tarar da Yaya yana wanke ƙafa, na tambaye shi me ya gaya masa da ni ban gaya ba.

Ya ce, "Ban gaya masa komai ba, Malam. Tambayarsa na yi, na kuma tsaya ya ba ni amsa. Kai ka taɓa tambayarsa?"

Na yi mako ban shiga sashensa ba. Shi ya shigo nawa da ƙwaryar fura, kamar ba a yi komai ba.

Yau nakan ce, da zai leƙo Kademi me zai gani? Zai ga samari sun haɗa kai a kan waya, iyaye na gefe suna ƙorafin ba a jin maganarsu. Na san ba zai yi ƙorafi ba. Zai ja benci ya zauna cikinsu ya ce a nuna masa abin da ake kallo, kafin magariba ya san damuwar kowa. Har wannan ma, da tunani ne kawai, yana sosa mini rai.

Da Nasiru ya sami ɗa namiji, sunan Baffansa ya sa masa. Na yi addu'a a gaban jama'a, na koma ɗaki na daɗe a zaune. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni na shekara talatin ina zuba wa gonar yayana taki.

Bai bar dukiya ba, lambobin yabonsa na soja ma ban san inda suke ba. Amma makon jiya a kasuwar Gaya, ina tsaye wajen mai tsire da wani tsohon abokinmu, sai ga Nasiru ya ratso da 'yarsa a kafaɗa, tana ja masa hula yana dariya, bai damu da idon kowa ba. Abokin ya bi shi da kallo ya ce, "Ka ga tarbiyyar Saje."

Ni na haife shi, ni na tsaya a wurin. Na nemi abin musu ban samu ba.

Na ce, "Haka ne. Allah ya jiƙansa."