Malamin Huji da Ya Tsaya a Shafi na Arba'in

Kawuna Halliru, yayan mahaifiyata, bai taɓa zama a kan tabarma har ta yi ɗumi ba. Mahaifiyata Fatu takan ce tun suna yara a Roni a tsaye yake cin tuwo, ƙafa ɗaya a ƙofar zaure. Da ya girma sai Allah ya haɗa shi da aikin da ya dace da ƙafarsa, ya zama malamin huji na En'e, wato hukumar gargajiya, mai bin rugage yana yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya. Kekensa ya san kowane burtali daga Roni zuwa Gwiwa, daga Gwiwa zuwa 'Yankwashi. Shekara huɗu ya yi a elementare ta Kazaure, Turancinsa kuwa iyakarsa cike takardar aiki: rugar wane, rana kaza ga wata, an yi huji ko ba a yi ba.

Kafin elementare ya yi zaman zauren mahaifinsu, wanda malamin ilimi ne, kuma abin da aka dasa masa a nan shi ya bi shi har kabari. A zaure ba a karanta littafi da ka. Sai ka kai shi gaban malami, ka ja baƙi, ya fassara, ka je ka maimaita har ya zauna, sannan ka dawo a ƙara maka. Ba ka leƙa gaba. Abin da mawallafi ya rubuta hukunci ne, in kuwa ƙauli mai rauni zai kawo, sai ya fara da "an ce", don ka san ba shi ne abin dogaro ba. Mai dogon bayani shi ne malami, mai tambaya shi ne ɗalibi. Kawu bai taɓa jin an yi karatu ta wata hanya ba, kuma ba shi da dalilin da zai zaci akwai ta.

Amininsa a duniya ɗaya ne, Daudu, wani Bafulatani mai ruga a arewacin Gwiwa. Wata damina kurkunu ya kama Kawu a ƙafa biyu, ya faɗi da kekensa kusa da rugarsu. Daudu ya ɗora shi a kan takarkari ya kai shi bukkarsa, ya yi jinyarsa wata biyu, yana naɗe masa kurkunun a tsinke kullum da safe, Kawu yana ihu, shi yana dariya. Tun daga nan Kawu ke kiransa Hamma, wato yaya, shi kuma yana ce masa Kaɗona, wato Bahaushena. In suka haɗu a kasuwar Gwiwa sai kowa ya san sun haɗu, don tsiya suke yi wa juna tun daga bakin kara, inda ake cinikin shanu, har wajen masu nono.

Littafin da zan ba da labarinsa ya zo ne daga hannun Baturen dabbobi, shugabansu a wurin aiki, ranar da zai koma ƙasarsu. A barikin Kazaure ya miƙa wa Kawu shi, gara ta riga ta ci bangonsa, ya ce ta bakin tafinta: "Wannan maganar manyan masananmu ce na da, mutanen Girka, tun kafin zuwan Annabi Isa. A kan adalci ne, da yadda ma'aikaci zai riƙe aikinsa." Baturen na jin kyautar ban kwana ya yi, irin wadda ake ba mutum don rage kaya. Kawu kuwa ya karɓa da hannu biyu, ya je wurin baduku aka ɗinka masa gafaka. Kwana uku bai iya cin abincin kirki ba, yana ta juya littafin yana shinshina shi, ga ilimi a hannu ba malami.

Daga ƙarshe ya nufi wurin Lauwali, wani akawu a Kazaure da ya gama midil a Kano. Ya same shi ranar Juma'a da hantsi, ya durƙusa, ya ajiye goro.

"Malam, na zo ɗaukar karatu."

"Wane karatu kuma, Halliru? Ni da ban taɓa ganin littafin nan ba?"

"Kai ka ji harshen, ni na kawo kunne. Shafi ɗaya kowace Juma'a."

Lauwali mutum ne mai son a durƙusa masa, bai ƙara musu ba. Haka suka fara. Kawu ya taka keke daga duk inda yake, ya ja baƙin Turanci yana tuntuɓe, Lauwali ya juya masa da Hausa, shi kuma ya tafi yana maimaitawa a kan hanya har makiyaya suka fara zaton ya sami taɓuwa. Sau ɗaya Lauwali ya so ya buɗa gaba ya ga inda zancen ya nufa, Kawu ya dafe takardar ya ce, "A'a, Malam, ba a tsallake."

Littafin hira ce ta waɗansu mutane a inuwa, a bayan gari. Daga wajen shafi na goma wani dattijo mai zaƙin baki ya karɓe zancen. Ya ce wanda hukuma ta ɗora a kan aiki ba shi da aboki, ba shi da ɗan'uwa. Ya ce doka shinge ce, in ka buɗe wa akuya ɗaya ka buɗe wa garke. Ya ce tausayin mutum ɗaya da ka sani zalunci ne ga dubu da ba ka sani ba. Akwai kuma wani a gefe da ba ya cewa komai sai 'yan gajerun tambayoyi, "Haka ne?" ko "To, ci gaba." Kawu bai wahalar da kansa ba wajen gane wane ne wane. Dattijon shi ne shehi, mai tambayar ɗalibinsa ne. Ya ma ce wa mahaifiyata ɗalibin yana da ladabi, sai dai kansa da ɗan tauri.

Sun kai shafi na arba'in aka yi wa Lauwali canjin wurin aiki zuwa Kano. Kawu ya rasa inda zai sa kansa. Ya je Babura saboda ya ji an kawo wani malamin asibiti mai Turanci, mutumin ya ce shi ba shi da lokacin tatsuniyar Nasara. Ya tambayi wani tsohon soja a 'Yankwashi, ashe Turancin fareti kaɗai ya iya. Littafin yana gafaka a rataye a kafaɗarsa, bai yarda ya buɗe shafi na arba'in da ɗaya shi kaɗai ba. Abin da ya haddace kuwa ya zauna daram.

A ranin shekarar ne aka ji bushiya ta ɓulla a wata ruga ta gabas. Umarni ya zo daga sama cewa kada garke ko ɗaya ya motsa daga inda yake sai sabon Baturen dabbobi ya zo ya duba, malaman huji kuma su kai rahoton duk wanda ya saɓa. Mako ya wuce, wata ya wuce, Bature bai zo ba. Rijiyoyin arewacin Gwiwa suka fara ba da laka.

Daudu ya tare Kawu a gindin wata kuka da rana tsaka.

"Kaɗona, kai ka yi wa shanun nan huji da hannunka. Akwai mai ciwo a cikinsu?"

"Babu, Hamma."

"To gobe da asuba zan gangara da su fadamar kudu. Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka tafi Roni ka gaida gida, shi ke nan."

Mahaifiyata ta ce da ya iso gida a ranar, ya zagaya tsakar gida ya fi sau ɗari. Ya ɗauki buta ya ajiye, ya fita ƙofa ya dawo, yana ta motsa baki. Ta tambaye shi lafiya, ya ce, "Fatu, in ka buɗe wa akuya ɗaya ka buɗe wa garke." Ta ce wace akuya. Ya ci gaba da zagayensa. Da la'asar ya rubuta takardar rahoto a kan Daudu ya aika Kazaure.

Dogarai suka tare shanun a hanya, suka mayar da su wani fage kusa da Gwiwa aka killace. Sai da aka ƙara mako bakwai kafin Bature ya zo. Ya duba, ya ce lafiyarsu lau, a sake su. Abin da aka saki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, sauran ƙishirwa da yunwa sun kwantar da su, ungulu sun yi biki. Daudu bai je wurin alƙali ba, bai zagi kowa ba. Ya kaɗa abin da ya rage ya yi arewa, ko sallama bai bari ba.

Kawu ya ci gaba da aiki, har aka yaba masa. Amma ya daina shiga kasuwar Gwiwa, yakan zagaya ta bayan gari. Duk wanda ya taɓo zancen sai ya karanto masa maganar dattijon, da ƙarfi, ya fi ƙarfin da ake bukata. Ni dai har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban san da wa zan yi fushin ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma shi wannan ba jahili ba ne, ladabin karatu ne ya kai shi ya baro.

Bayan shekara takwas aka buɗe ɗakin karatu a Kazaure, aka ba wani Malam Abu riƙonsa, mutumin da ya yi kwalejin horon malamai. Kawu ya je da goronsa ya durƙusa. Malam Abu ya ce shi bai iya karatun shafi ɗaya a mako ba, a bar masa littafin ya kwana biyu. Kawu ya yi ta jayayya, daga baya ya haƙura. Ranar da ya koma ya tarar da Malam Abu yana murmushi.

"Malam Halliru, a ina kuka tsaya?"

"Arba'in."

"Ai a nan aka fara littafin. Dattijon nan naka, daga shafi na gaba mai tambayar ya fara warware masa zance zare-zare. Ya tambaye shi, shingen don garke aka yi shi ko garken don shinge? Ya tambaye shi, in mai gadin ya san tabbas akuyar za ta mutu a ciki fa? Kafin shafi na sittin dattijon ya tattara rigarsa ya bar wurin. Mai tambayar shi ne malamin."

Kawu ya miƙe tsaye. Ya zauna. Ya sake miƙewa.

"Mai tambaya ne malamin?"

"Haka suke rubutu. Sai su gina ra'ayin da ba su yarda da shi ba, su yi masa ado, sannan su rushe shi a gabanka."

"Shafi talatin! Bai ce 'an ce' ba ko sau ɗaya! Wane irin malami ne zai zuba wa ɗalibi ƙauli mai rauni shafi talatin bai yi masa alama ba?" Ya ja numfashi. "To, mene ne mashhuri, ƙaulin da za a dogara da shi? A ƙarshe me ya yanke?"

Malam Abu ya sosa ƙeya. "Gaskiya bai yanke ba. Rana ta yi musu, suka ce su tashi, kowa ya je ya ƙara tunani."

Kawu bai jira ƙarin bayani ba. Washegari ya nemi hutu ya hau keke. Ya bi kasuwanni yana cigiya, Gwiwa, 'Yankwashi, har ƙauyukan bakin iyaka inda ake ciniki da kuɗin Faransa. Wannan ya ce ya gan shi bara, wancan ya ce ai ya rasu. Mako uku yana yawo, sai a Babura wani dillalin shanu ya ce akwai wani tsoho Daudu da ke yi wa wani attajiri kiwo a gabashin gari.

Ya same shi da hantsi a bakin wani tafki, ya rame, gemu ya yi fari, yana jingine da sanda. Daudu ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da iyali da gajiya, ya shimfiɗa masa buzunsa. Kawu bai zauna ba. A tsaye ya zazzage komai, Baturen da littafin, Lauwali da Juma'o'in, dattijon da mai tambaya, shafin da aka tsaya da shafin da ba a buɗe ba. Ya ce da an ƙara masa ko mako ɗaya na karatu da ba a yi haka ba. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba.

Daudu ya saurara har ƙarshe, idonsa a kan shanun.

"Ni ban san littafi ba, Malam Halliru. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da ka rubuta takardar nan, kafin ka ɗauki alƙalami, zuciyarka me ta ce maka?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Ta ce kada."

"Sau ɗaya?"

"Tun daga gindin kuka har gida."

Daudu ya gyaɗa kai. "Ashe kana da malami a ranar."

Wata saniya ta ratse ta nufi gonar rogon mutane. Daudu ya ce a gafarce shi, dukiyar ba tasa ba ce, in ta yi ɓarna shi za a tuhuma. Ya ɗaga sanda ya bi ta yana ɗingishi.

Kawu ya zauna a kan buzun yana jira. Ya zauna har azahar, ya zauna har inuwa ta juya, garken yana ƙara nisa a gabas. Daudu bai dawo ta nan ba.