Saƙar Rabi da Muka Bari a Bakin Shara

Shekara bakwai ke nan da muka rasa Rabi, aminiyata kuma maƙwabciyata a benen da muka zauna a unguwar Wangsa Maju. Ciwon kwana biyar ya ɗauke ta tana tsakiyar digiri na uku, ta bar miji da 'ya ɗaya, Hanifa, mai shekara huɗu a lokacin. Duk shekara addu'a nake yi mata in ja bakina. Bana ba zan yi shiru ba, raina a ɓace yake, kuma da mu nake, mu 'yan Arewan da muka yi zaman Kuala Lumpur tare da ita.

Wanda ya san Rabi ya san kwarashinta. A jirgin ƙasa saƙa, a bakin tafkin Titiwangsa muna hira saƙa. Ba sayarwa take yi ba, so ne kawai. Da an ce wance ta sauka, kafin suna ta haɗa hula da safa da rigar ulu, yadda ake yi a gida. Nakan ce, "Rabi, a garin da gumi ke bin mutum har kan sallaya, wa zai sa wa jariri ulu?" Sai ta ce, "Ke dai bari, ai yaron zai je gida wata rana." In ce kafin nan ya fi ƙarfin safar, ta yi dariya ta ci gaba da abinta. Amare kuwa jakar duwatsu take musu, mazan da suka kammala karatu ta ɗinka musu hula.

Watan jiya na je unguwar Sentul, inda Hanifa ke zaune da mahaifinta. Ta ɗauko hoton uwarta da zare a cinya, ta dube ni da Hausarta da Turanci ya cinye, ta ce, "Anti, kowa Mama ta yi wa. Ina nawa?" Wallahi nata mu muka rabar. Bayan addu'ar bakwai muka taru, mu mata, muka fitar da kayan mamaciya sadaka kamar yadda aka saba, har da ƙananan rigunan da ta saƙa wa 'yarta, wai sun yi mata kaɗan. Ko ɗaya a cikinmu ba ta yi tunanin ajiye wa marainiya ko safa ƙafa ɗaya ba.

Na ce abu mai sauƙi, zan nemo mata ko ɗaya, gidaje nawa Rabi ta yi wa? Na shiga kiran waya, Kano, Kaduna, Zariya. Amsar ɗaya ce kamar an haɗa baki: "Ayya, kin san matsalar kilo." To na sani. Na ga yadda muke yi ranar komawa gida: a ɗora akwati a sikeli, in ya yi nauyi a buɗe a rage. Tukunyar dafa shinkafa ta shiga, takalma ƙafa goma sun shiga, turaren tsaraba ya shiga. Rigar jaririn da ba ta kai nauyin albasa biyu ba, ita ce aka ajiye a bakin shara. Haba jama'a! Wata ma, Dakta ce yanzu, cewa ta yi, "Wace Rabi?"

Laifi tudu ne, don haka ba zan taka nawa in hango na wasu ba. Shawul ɗin da ta yi sati uku tana saƙa wa ɗana, na bar shi a tsohon gida da muka tashi, ina cewa me za a yi da shi a wannan zafi. Haushin kaina ya fi na kowa.

Da Rabi za ta leƙo yau, za ta tarar barka ta koma danna waya, mai babur ya kai leda ƙofar mai jego, wadda ta aika ko ganin abin ba ta yi ba. Na san ba za ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Tambaya za ta yi wa ya haihu, ta nemi zare. Ni ce mai faɗan, domin abin da aka ba mu a sauƙaƙe mun ɗauka ba a sha wahalarsa ba.

Da na gaji, na koma tsohon benenmu ko Allah zai sa. A ƙasa na tarar da wata dattijuwa 'yar ƙasar nan mai sayar da abincin safe, wadda muke kira Makcik, wato inna. Ina ambaton Rabi ta shiga ciki ta fito da jakar da take zuba kayan sallarta, saƙar kwarashin Rabi, hannun ya tsinke an ɗinke da wani zaren daban. Kullum da ita take zuwa masallaci. Da ta ji don wa nake nema, ta juye kayanta a leda, ta miƙo mini da hannu biyu tana hawaye.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ne, na Rabi bai faɗi ba, kuma ladanta yana wurin Wanda ba Ya mantuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Amma kada wani cikinmu ya kawo mini wannan karin maganar don ya wanke kansa. Hanifa ta samu nata, tana zuwa Islamiyya da shi, kuma ba daga hannunmu ya fito ba.