Turakun Sale a Bakin Teku

Mun tashi daga Yerimaram, unguwarmu a Potiskum, da aka sallame asuba, ni da ƙanina. A aljihuna akwai littafin aikin ɗana Sale, wanda zazzaɓi ya ɗauke lokacin da ya zo hutu. Abokan aikinsa sun ce a aiko da littafin ta mota. Na ce zan kai da kaina. Ina so in ga turakun da ya kafa a bakin teku, don su ne abu na ƙarshe da ya ba ni labarinsu.

Hanyar Darazo zuwa Bauchi ba laifi, sai ramuka jefi-jefi. A Jos sanyi ya sa muka sayi shayi sau biyu. Mun kwana a Makurɗi, inda doya ta fi arha. Albasar da muke zubarwa a gida kuwa, can uku-uku ake kasa ta kamar goro. Ƙanina ya ce da ya sani da buhu ya ɗauko maimakon jaka.

Rana ta uku muka shiga kwalekwale daga wajen Kalaba zuwa wani ƙauyen masunta. Wani abokin aikin Sale ya tarbe mu, ya karɓi littafin da hannu biyu, ya yi mana bayani. Ana tunanin tare bakin wani rafi da bango, a sa injina a ciki, ruwan teku ya riƙa juya su in zai shiga da in zai fita, a samu lantarki ba hayaƙi. Amma bango yana canja tafiyar ruwa. Laka na iya taruwa inda ba ta saba ba, kifi ya rasa hanyar zuwa saiwoyin bishiyoyin da yake ƙwai a ciki. Aikin Sale shi ne auna lakar da turaku kafin a yanke shawara.

Da hantsi aka kai mu wurin. Ruwa ne shimfiɗe har cikin bishiyoyi, ko kan turke ɗaya ban gani ba. Na daɗe a tsaye. A wajenmu, in rafi ya cika ya rufe abu, sai a jira rani. Na san ba zan sake wannan tafiya ba.

Wata tsohuwa mai gyaran kifi, wadda ta taɓa zama a Jos, ta dube ni.

"Baban Sale, me ka ke nema?"

Na ce, "Turakunsa, Mama. Ashe sai rani."

Ta yi dariya har ta aje wuƙa. "Wane rani? Je ka ci abinci, ka yi la'asar ka dawo. Haka ɗanka ya yi ranar farko, ya bar takalminsa a kan yashi, ruwa ya tafi da su."

Muka ci kifi da gari. Ƙanina ya ƙi taɓa ƙaguwa, ya ce shi ba ya cin abin da ke tafiya a karkace.

Bayan la'asar ruwan ya ja baya, ba wanda ya kore shi. Laka ta fito, baƙa, mai faɗi. Mata suka shiga da kwanduna suna tsintar ƙananan dodon koɗi, tsuntsaye na bin su. Tsohuwar ta ce, "Gonarmu ke nan. Sau biyu take buɗewa a rana. In bango ya hana ruwa sauka, ta rufe. Ɗanka ya rubuta wannan?" Abokin aikinsa ya buɗe littafin, ya ce ya rubuta.

Turakun na nan a jere, da jan fenti. Na tattare wando na shiga lakar har gwiwa. Igiyar da ke kan na farko, ƙullin da muke ɗaure saniya da shi ne a kasuwar shanu. Ni na koya masa. Na taɓa ƙullin, na yi wa Sale addu'a, na fito.

Mun iso Potiskum ranar Juma'a. Ban san ko za a gina bangon ba, kuma ba ni da ilimin da zan ce a yi ko a bari. Na dai gane cewa wutar da ba ta hayaƙi ma tana iya taɓa abincin wani, kuma aikin da Sale ya yi ke nan, ya tambaya tukuna. Mahaifiyarsa ta tambaye ni ko na ga wani abu nasa. Na ce na ga ƙullinsa, kullum ruwa na rufe shi sau biyu, bai kwance ba.