Kwalbar Kwallin Kaka a Allon Ches

A gidanmu na Lanham, can ƙasar Turawa, akwai murhu a bangon falo, irin wanda maƙwabta ke jera wa furanni su manta da shi. Kaka kuwa, mahaifiyar Baba, tun hunturunta na farko ta ce ba ta yarda da ɗumin da ke fitowa daga ramin bango ba, sai ta ga wuta da idonta. Dole Baba ya riƙa sayo itace a gidan mai, ya hura mata kafin ya tafi aiki gidan rediyo. Da an idar da isha'i sai ta miƙe ƙafa a gaban wutar, ni kuma in ɗora kai a cinyarta.

Cinyar nan tawa ce, ba na raba ta da kowa. A Kano aka haife ni, na zo da Hausata cikakkiya. Ƙanwata Ummi a nan aka haife ta. Tana jin "zo" da "tafi" da "ci abinci", amma in aka shiga tatsuniya sai ta zura mana ido kawai. Ni ke amsa "ta zo mu ji ta", ni ke dariyar Gizo, ni ce tafinta in Kaka na son magana da ita. Ban taɓa tunanin wannan sarauta za ta girgiza ba.

Sai Ummi ta shiga ƙungiyar ches a makaranta, wato darar Turawa mai sarki da dawaki. Ta aro wani tsohon littafi daga laburare, cike da wasannin gwanayen da suka mutu tun kafin a haifi Kaka, ta riƙa shimfiɗa allonta a gaban murhu tana maimaita su ita kaɗai. Kaka, wadda ta yi dara da 'yan'uwanta maza tana yarinya, ta fara leƙe. Daga leƙe sai nuni da yatsa. Kafin in farga sun daina nemana. Ummi ta motsa doki, Kaka ta ce "Kai!", su kwashe da dariya. Ina kwance a cinyar, amma hannun da ke shafa kaina yana can kan allo.

Ranar da ɗaya daga cikin 'ya'yan allon ya ɓata, mai hular nan da ke tafiya a karkace, Kaka ta kwance bakin zaninta ta ciro kwalbar kwallinta ta tagulla, wadda ko taɓawa ba a bari in yi, ta dasa a gurbinsa. Wallahi ranar tuwo bai wuce mini ba. Na ce wasan banza ne, na ce Ummi yarinya ce ba ta san komai ba, na ce allon yana tare hanya. Kaka ta dube ni ta ce, "Balki, wannan bakin da kika turo, a rataya masa buta?"

Wata rana Kaka ta sa Ummi ta faɗi wani labari da ke cikin littafin, ni kuma na juya mata da Hausa ina cika ina batsewa. Bayan kwana biyu sai ga shi ta dawo mana da shi, ta sa masa gishiri da yaji.

"Ga ta nan, ga ta nanku, yau ta jirgin ruwa ta zo."

Wai a wani gari na bakin teku a ƙasar Turawa aka tara gwanayen ches na duniya, masu gemu da agogon aljihu, kowa ya zo da girman kansa. Sai ga wani saurayi daga tsibirin masu noman rake, ba wanda ya san shi sosai. Wani babban gwani ya miƙe ya ce shi ba zai zauna da yaron da bakinsa ke warin nono ba, a kore shi. Ba a kore shi ba. Da aka jefa ƙuri'a, ranar farko sai ta haɗa su biyun. Yaro ya bi gwani lungu lungu, har gwani ya kwantar da sarkinsa da hannunsa, ya miƙa wa yaro hannu a gaban jama'a.

Nan littafin Ummi ya tsaya. Na haɗe rai ina jiran Kaka ta ce hassada ga mai rabo taki, don na san da ni take. Ba ta faɗa ba. Ta gyara itace ta ci gaba da abin da babu shi a kowane littafi.

"Da yamma gwanaye suka zauna cin abinci, suna hira da yarensu, suna dariya. Gwanin nan abinci ya ƙi shiga, yana ta tunanin hannun yaro. Yaron kuma yana can ƙarshen tebur, ya ci wasa amma ba wanda zai gaya wa. Yana kallon bakunansu, bai san abin da ake wa dariya ba. Wannan yana son hannun wancan, wancan yana son kujerar wannan."

"To wa ya ci gasar, Kaka?"

"Oho. Ni ina can?" Ta waiwaya, ta ga Ummi ta yi barci a gefen allo. "Ƙurunƙus. Ki ajiye mata labarin, za ta tambaya."

Ba ta tambaya ba, ni ma na manta. Kaka ta koma Kano, a can Allah ya karɓi abinsa. Kwalbar kwallin ta zauna a allon Ummi, kuma ba zan ɓoye ba, duk sanda na je gidanta a Germantown na gan ta sai raina ya sosu.

Bara muna shan shayi a kicin ɗinta, sai Ummi ta ce da ni da Turanci, "Yaya, kin san na tsane ki a lokacin? Kullum kuna dariya ke da Kaka, ni ina kallon bakinku. Allon nan na kawo ne don ba ni da wata hanyar shiga." Ta juya kofinta. "Me ta ce a labarin gwanayen nan? Na ji ta daɗe tana magana."

Na fara ba ta da Turanci, ina kwaikwayon muryar Kaka. Sai da na kai ƙarshen tebur ɗin nan na tsaya. Shekara da shekaru na ɗauka ni aka yi wa tatsuniyar don a ja mini kunne. Ashe tsohuwar nan tana ganin mu biyu, kowa na haɗiyar yawu a kan abin hannun ɗan'uwansa, kuma ta san ni kaɗai zan iya riƙe labarin har ranar da Ummi za ta nema. Ummi ta share ido da bakin mayafi.

Da na ga zuciyarta ta yi laushi sai na ce, "To, tunda na ba ki ajiyarki, ba ni kwalbar."

Ta dube ni, ta turo baki, ta amsa da Hausar da ban san tana da ita ba.

"Allah ya kiyaye, Yaya. Ke kin samu cinya."