Musulma ɗaya a ɗakin ibadar 'yan Sikh

Ranar Lahadi ce, ina murza gurasa a ɗakin girkin 'yan Sikh da ke garin Aubervilliers. Sikh wani addini ne na mutanen Indiya. Tsohon sito ne. Baba Harjit da abokansa 'yan dako, mutanen Indiya, suka gyara shi da hannunsu ya zama wurin ibada. Duk wanda ya zo sai ya ci abinci, ba a tambayar addininsa. Yunwa ce ta fara kai ni, shekarar da na zo karatu daga Maraɗi. Daga baya kunya ta sa na shiga aikin. Baba yakan ɗaga gurasata ya ce taswirar Nijar nake yi.

Gab da azahar gilashin taga ya fashe. Sai warin fetur. Waƙar da ake yi a zaure ta yanke. Wasu maza suka shigo, fuska a rufe, da sandunan ƙarfe.

"Musulmai, ku fito!" in ji ɗayansu da Faransanci.

Rawani da gemun mazan Sikh suka gani, suka zaci Musulmai ne. Ni kaɗai ce Musulma a gidan, kuma kowa ya sani. Magana ɗaya ta isa: mu ba Musulmai ba ne. Na tsaya ina jiran a faɗe ta. Matan suka matso suka kewaye ni. Dukanmu kai a lulluɓe, ba mai iya bambanta mu. Baba ya tare ƙofar girki da jikinsa, bai ce uffan ba. Na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙashi.

"Ta baya!" wata tsohuwa ta ce, ta fizgi hannuna.

Muka fita ta ƙofar shara, ba takalmi. Na yi ta gudu har bakin tashar jirgin ƙasa ta metro, garin alkama a hannuwana. Cikin makon na kwashe kayana na koma wurin yayata a Lyon.

Can tsohuwar ta kira ni a waya. Baba bai farfaɗo ba. Cikin kuka na ce me ya hana shi gaya musu su ba Musulmai ba ne.

"'Yata, da sai su tambaya ko akwai Musulmi a ciki. Shi kuwa ba ya ƙarya."

Rufin ya ƙone, da tukwanen, da hotunan waɗanda suka kafa wurin. Dama a cikinsu Baba kaɗai ya rage. Ni ko ƙwarzane ban samu ba.