Kawu Ɗanlami da Igiyar Guga

Duk wanda ya san Kawu Ɗanlami ya san shi da tsinke. Ko gaisuwar mutuwa ya je, kafin a shafa fatiha ya zana layi mai hawa da sauka a ƙasa. Shekara biyu ya yi yana ja wa Turawan safiyo sarƙar awo, ya dawo mana ƙauye da wannan ciwo.

Kunyar gero ma bai ƙyale ba. Ya tarar da Baba yana huɗa, ya ce, "Yaya, kunyarka irin layin nan mai hawa da sauka da Bature ke kira sayin ce tsaf! Ka san tsayinta daga tsakiya?"

Baba ya ce, "Tsayin ƙotar garmar nan za ka sani in ba ka fitar min daga gona ba."

Rijiyar unguwa ce ta fi damunsa. Duk bazara sai ta ƙafe, mata su yi ta jigila har fadama. Mai yasar rijiya guda ne a yankin Bici, sai an sa masa rana tun da wuri, kuma ba ya shiga sai ruwa ya gama ja baya. Kowace Juma'a Kawu ya zura igiyar guga, ya auna zurfin ruwan da kamu, ya ɗiga a takarda. Da shekara ta cika ya raba tsakanin ƙoli da ƙasa ya sami tsakiya, ya fitar da nisan hawa, ya sa zagaye wata goma sha biyu. Shekara uku yana nacin a sa wa mai yasa rana da lissafinsa!

Ranar da dagaci ya amince, Kawu ya shigo gida yana taƙama. "Bakwai ga Rajab, ranar ruwa zai kai ƙarshe."

Matarsa Inna Delu tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam, damina watan sama take bi? Da aka kawo ni gidan nan cikin sanyi muke azumi, yanzu fa?"

Nan take Kawu ya zaro tsinkensa ya durƙusa. Ya ƙara kwana goma sha ɗaya sau uku, ya ce, "Lissafina daidai yake, wata ne ya cika gaggawa."

Mai yasa ya zo a sabuwar ranar, ya tarar da ruwa iyakar idon sawu. Tun daga nan ba mu sake ganin gindin rijiyar ba.

Wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Kawu, yadda ya shayar da mu Allah ya shayar da shi ruwan Alkausara.